Ƙafar Hagun Malachy Tighe

"Ba zan matsar da ita ba," in ji Ultan Carolan. "Nan ƙofar gidana ce, ba tashar mota ba."

Direban babbar motar ya dubi abokin aikinsa, ya dubi sama inda yayyafi ke sauka. Sun riga sun sauke ƙarafunan gadon asibiti a tsakiyar titi, ga katifa cikin leda an jingine ta da fitilar kan hanya. Layin Cooper ƙunci gare shi, gidajen a manne suke da juna kamar haƙoran mataji, kuma tsohuwar motar Ultan ta tare daidai inda za a juya da gadon a shiga gida mai lamba goma sha shida.

Dervla, 'yar mai gidan, ta fito ba ko rigar ruwa. Mace ce mai shekara arba'in, ta baro aikinta a Dublin ta zo jinyar mahaifinta.

"Mista Carolan, don Allah, minti goma kawai. Baba ba ya iya hawa bene yanzu, a falo za mu kwantar da shi."

"Ubanki ya saba tafiya inda ya ga dama, ya dawo sa'ad da ya ga dama. Su zagaya ta baya."

Tagar falon maƙwabcin ta buɗe da ƙara. Fuskar Malachy Tighe, mahaifin Dervla, ta leƙo, ta rame har ƙasusuwan kumatu sun fito, robar iska a hanci.

"Ƙyale shi, Dervla! Shekara hamsin ban taɓa ganin ya matsa a kan lokaci ba. Ko a filin ƙwallo, sai an wuce shi sannan yake juyawa."

"Ji gurgu da bakin tsiya," in ji Ultan. "Ashe da sauran numfashi?"

"Da saura, Mahauci. Sai na ga bayanka."

Tari ya sarƙe shi, tagar ta rufe. Breda, matar Ultan, ta fito daga kicin da garin fulawa a hannunta. Ta zura hannu cikin aljihun kwat ɗin mijinta, ta zaro makulli, ta ja motar gaba da kanta. Da ta dawo ta cusa masa makullin a ƙirji.

"Shekara saba'in da ɗaya," ta ce. "Ko kunyar idon mutane ba ka ji."

A garin Portcarra ba wanda bai san tsakanin mutanen nan biyu ba. A gidajen nan aka haife su, katanga ɗaya ta raba gadajensu tun suna cikin zanen goyo. Tare suka koyi tamaula a bakin tashar jiragen ruwa, tare kuma suka sa koriyar rigar kulob ɗin garin. Ultan lamba biyar, ƙato, mai tsaron baya, da rana yana sauke kaya daga jirage, ran Lahadi yana sauke 'yan gaban mutane. Shi ya sa aka sa masa Mahauci, shi kuwa yana jin daɗin sunan. Malachy Tighe lamba bakwai, siriri kamar tsinke, amma ƙafar hagunsa sai ka ce da zare ta ɗaure ƙwallo. A dalilinsa ne mutane suka riƙa cika jirgin ƙasa daga garuruwan nesa don su ga wasan ƙaramin kulob irin nasu, a dalilinsa kuma Portcarra ta ɗauki kofin ƙasa, sau ɗaya tak a tarihinta.

Kakar wasa biyu bayan haka Malachy ya koma wani babban kulob na Dublin. Bai yi wa kowa sallama ba, a jarida aka gani. Gari ya yi tsit, sannan ya fashe. Aka rubuta Yahuza da baƙin fenti a ƙofar gidan uwarsa, sunan wanda ya ci amanar Almasihu, sunan kuma ya bi shi har tsufa.

Ranar da ya dawo wasa a Portcarra cikin rigar baƙi, mutum dubu bakwai suka cika filin. Ya yanke Ultan sau ɗaya, ya yanke shi sau biyu. A na uku ya zura masa ƙwallon ta tsakanin ƙafafu, ya karɓe ta a bayansa, ya waiwayo ya yi masa dariya. A na huɗu Ultan ya taho da gudu ya shige shi da ƙusoshin takalmi. Waɗanda ke bayan raga sun rantse sun ji ƙarar ƙashin, kamar an karya busasshen ice. Alƙalin wasa bai kori kowa ba, ya ce ƙwallo aka nufa. 'Yan kallo suka yi ta tafi ana fita da Malachy a kan gadon ɗaukar majinyata.

Bai sake taka leda ba. Yana da shekara ashirin da shida ya dawo gidan uwarsa da sanda, ya samu aikin sayar da tikiti a tashar jirgin ƙasa. Shekara arba'in da biyar yana ɗingishi ta gaban ƙofar Ultan safe da yamma, Ultan kuwa duk wanda ya tambaye shi amsarsa ɗaya ce: ƙwallo ya nufa, ƙaddara ce ta gitta.

Abin da ya ƙara hura wutar shi ne jaridar Lahadin da ta gabata. Ta jera mutum ashirin da suka fi kowa tasiri a wasan kulob-kulob na cikin gida, tun daga zamanin kakanni. Malachy ne na huɗu, da hotonsa rabin shafi, gashi har kafaɗa, ƙwallo manne da ƙafa. Marubucin ya ce yara a faɗin ƙasar sun koyi yanka da hagu ne don kwaikwayonsa. Ultan ya bi sunayen da yatsa har ƙasa, ya sake dawowa sama. Babu shi. Sai a ƙarshen labarin Malachy ya ga layi ɗaya: wani ɗan baya na tsohon kulob ɗinsa ne ya kawo ƙarshen wasansa.

"Wani ɗan baya," ya ce wa Breda, yana buga jaridar a kan tebur har shayi ya fantsama. "Wasa ɗari biyar da goma sha biyu na buga wa garin nan. Wani ɗan baya!"

"To da me kake so su rubuta? Sunanka a wurin? Ka gode wa Allah da suka rufa maka asiri."

Ran Laraba da yamma aka kira taron 'yan kulob a ɗakin da ke saman wurin canza kaya. Shugaban, wani matashin lauya da ba a haife shi ba lokacin da aka ci kofin, ya ce tun da duniya ta tuna da Malachy, ya kamata gida ma ya tuna da shi. Ya kawo shawara a sa wa ƙaramar rumfar 'yan kallo sunansa, a yi sauri kuma, ya ji da kunnensa tun yana da rai.

Ultan ya miƙe, gwiwoyinsa suna ƙara.

"Haƙorana uku suna cikin ƙasar filin can," ya ce. "Akwai mutane a ɗakin nan da suka tura motar kulob cikin ƙanƙara a hanyar Sligo. Akwai waɗanda suka mutu ba su taɓa sa wata riga ba sai koriya. Ba a sa wa ko banɗaki sunansu ba. Shi kuwa wanda ya tsallake ya bar mu, ya dawo yana yi mana dariya a gaban iyayenmu, shi za ku rubuta a saman kawunanmu? In kun sa sunan nan, ku cire kujerata."

Tsofaffi suka buga tebur. Aka ɗaga hannu, goma sha tara suka ƙi, goma sha shida suka yarda. Ultan ya sauko yana jin kansa kamar ya tare fenariti, amma da ya iso gida ya ga hasken falon maƙwabci, sai ya shiga ta ƙofar baya.

Ranar Lahadi bayan an taso daga coci aka ƙwanƙwasa ƙofa. Dervla ce, idanunta sun faɗa.

"Baba yana son ganinka."

"Ni? Ya rasa wanda zai zaga ne?"

"Ban sani ba, Mista Carolan. Da don ta ni ne, wallahi ba zan taka ƙofar nan ba. Na ji abin da ka yi ran Laraba. Likita ya ce kwanaki ne suka rage, shi kuma tun safe sunanka yake kira."

Ultan ya buɗe baki zai ƙi. Breda ta ɗauko hularsa daga jikin ƙusa ta miƙa masa.

Rabonsa da shiga gidan tun suna samari. Falon ya yi masa ƙanƙanta. An fitar da kujeru, gadon ya cinye ɗakin, injin iska yana gurnani a gefe, warin magani ya cika ko'ina. A bango babu hoton ƙwallo ko ɗaya, sai na marigayiya matar Malachy da na Dervla ranar da ta gama jami'a. Mutumin da ke kwance ya zama kamar tsumman da aka manta a kan igiya, amma idanun suna nan yadda suke, masu neman faɗa.

"Ka ga Mahauci," in ji Malachy. "Ka yi ƙiba. Zauna kada ka fasa mini ƙasa."

"A tsaye ma na ji daɗi. Me kake so?"

"An ce ka yi jawabi. An ce har da haƙora."

"Na yi. Gobe ma in aka sake kira zan yi."

"Rumfar da ke yoyo? Ku riƙe kayarku. Kana tsammani saboda ita na kira ka?" Ya ja numfashi, injin ya taya shi. "Dervla, kada ki fita. Tsaya nan ki ji."

Ya kama bakin bargo, ya ja shi gefe. Ƙafar hagun ta bayyana, fara fat, siririya, ƙwaurin ya lanƙwashe a tsakiya kamar an ɗora shi a kan kuskure, tabon ɗinki ya bi ta daga gwiwa zuwa idon sawu. Ultan ya sha ganin ɗingishin, amma bai taɓa ganin ƙafar tsirara ba. Ya kawar da kai wajen taga.

"Dube ta mana, ai aikinka ne," in ji Malachy. "Shekara arba'in da biyar kowa yana ce mini tsautsayi ne. Alƙalin wasa ya ce tsautsayi. Limamin coci ya ce tsautsayi, in yafe. Uwata ma, Allah ya ji ƙanta, ta ce ɗan Carolan ba zai yi haka da gangan ba, tare kuka sha nono. Har na kai wani lokaci ina tambayar kaina ko ni ne na ƙirƙira. Amma na ga idonka kafin ka iso. Ina so in ji daga bakinka kafin in tafi."

"Ƙwallo na nufa."

"Ƙarya kake."

"Kai ka fara. Ka bar mu kamar karnuka, ko sallama babu. Ni a jarida na gani, ni da muke raba burodi ɗaya."

"Na tafi, kuma da za a dawo da ranar zan sake tafiya. An neme ni, na amsa. Kai ma da an neme ka, da ko takalmi ba za ka tsaya ɗaurawa ba." Malachy ya yi murmushi, haƙoran sun yi masa yawa a baki. "Abin da ke cin ka ke nan, Ultan. Shekara goma sha takwas kana jiran a ƙwanƙwasa maka ƙofa, ba wanda ya zo. Sai ka sa wa abin suna biyayya."

Jini ya hau kan Ultan. Ya ji kunnuwansa suna zafi kamar ranar nan, kamar mutum dubu bakwai suna kallon ƙwallo tana wucewa ta tsakanin ƙafafunsa. Ya matso har gwiwarsa ta taɓa ƙarfen gadon.

"To ji. Da gangan na yi. Tun kafin a dawo daga hutun rabin lokaci na yanke shawara. Ban ko dubi ƙwallon ba. Gwiwarka na nufa, don kada ka sake miƙewa."

Dervla ta dafe bango.

Malachy ya rufe ido. Kafaɗunsa suka fara girgiza, Ultan ya zaci kuka ne, ashe dariya ce, ƙarama, mai fita da ƙyar.

"Gwiwa ka nufa, ka samu ƙwauri," ya ce. "Ko nan ma ka ɓarar. Kai dai ba ka taɓa samun abin da ka auna ba."

"Allah ya tsine wa bakinka."

"Ya riga ka. Dervla, kin ji ko? Kin ji da kunnenki?"

"Na ji, Baba."

"To shi ke nan. Rufe mini ƙafa, sanyi nake ji."

Ta ja bargon ta rufe shi a hankali, ta gyara masa matashi. Sannan ta juyo. Muryarta ba ta ɗaga ba.

"Ina 'yar shekara shida nake ɗaukar masa sanda in ya shiga wanka. Ban taɓa ganin ubana yana gudu ba, ko sau ɗaya. Kullum ina gaishe ka a bakin ƙofa, ina ce maka Mista Carolan. Fita daga gidan nan."

Ya fita. A bakin ƙofa ya tuna ya bar hularsa a kan injin, bai koma ba.

Breda ba ta tambaye shi kome ba, katangar ba ta da kauri. Ta ajiye masa dankali da kifi, ta ɗauki nata farantin ta koma bene ta ci. Kwana uku ba ta yi masa magana ba sai abin da ya zama dole.

Ran Alhamis da tsakar rana yana zaune a kicin yana ɓare albasa, don Breda ta daina yi masa. Mako ɗaya da rabi gurnanin injin nan yana ratso katanga dare da rana, har kunnensa ya saba ya daina ji. Sai ya ji wani abu ya canza a gidan. Ya ajiye wuƙar, ya saurara. An kashe injin. Can sai ya ji muryar Dervla tana kiran wani a waya, tana maimaita adireshi sau biyu.

Breda ta sauko, ta yi alamar gicciye, ta ɗaura gyale.

"Ya tafi," ta ce.

"Na ji."

"Shi ke nan abin da za ka ce?"

"Me kike so in ce? In yi kuka?"

Washegari aka ajiye akwatin gawa a falo don zaman makoki. Breda ta gasa burodi biyu, ta tilasta masa ya sa baƙar kwat ya biyo ta. Layi ya kai har kwanar titi, da yawa baƙi ne daga Dublin, tsofaffi masu furfura da suka taɓa wasa da mamacin ko suka taɓa kallonsa. Mutanen Portcarra ba su kai rabi ba. Da suka iso bakin ƙofa Dervla ta karɓi burodin, ta rungume Breda.

"Ke ki shigo, Anti Breda," ta ce. "Shi a'a."

Ta miƙa masa hularsa ta saman kafaɗar matarsa, ba ta dube shi ba. Mutanen da ke layi suka sunkuyar da kai. Ultan ya karɓa, ya taka taku huɗun da ke tsakanin ƙofofin biyu.

Da yammar ranar akwai wasan gida. Shugaban kulob ya sanar ta lasifika cewa a minti na bakwai za a yi wa tsohon lamba bakwai tafi. Da lokacin ya yi, matasan bayan raga suka miƙe suna tafi, suna rera sunan mutumin da ba su taɓa gani da ƙwallo ba. Tsofaffin ƙaramar rumfa kuwa suka zauna daram, wasu suka juya wa fili baya, wani ya ƙwala "Yahuza!" har muryarsa ta karye. Ultan yana tsakiyarsu, hannuwansa cikin aljihu. Wani tsohon abokin aikinsa na tashar jirage ya dafa masa kafaɗa.

"Kai ne namijin da ya yi mana maganinsa, Mahauci. Ba mu manta ba."

"Ɗauke hannunka daga jikina," in ji Ultan.

Mutumin ya yi dariya, ya zaci wasa ne. Da ya ga fuskar sai ya janye. Ultan bai jira hutun rabin lokaci ba, ya tashi ya fice.

Ran Asabar da safe aka yi jana'iza. Breda ta tafi coci ita kaɗai. Ultan ya ɗauki makullin fili ya nufi can, don tun da ya bar aikin jirage shi ke zana layukan wasa, kuma ƙungiyar mata tana da wasa da ƙarfe uku. Ya dama farar ƙasa a bokiti, ya zuba a ƙaramin keken zane, ya fara daga kusurwar gabas. Ba kowa a filin sai tsuntsayen teku da ke tsintar guntun dankali a ƙarƙashin kujeru.

Ya kai rabin layin gefe sai ya ji takun mutane a kan titi, bayan katangar kwano, da ƙarar mota mai tafiya a hankali. Al'adar garin ce, in tsohon ɗan wasa ya rasu, motar gawa takan tsaya minti ɗaya a ƙofar fili kafin ta wuce maƙabarta. Bai zaci Dervla za ta yarda ba. Ya ji motar ta tsaya. Takun ya ɗauke.

Makullin babbar ƙofa yana aljihunsa, yana jin nauyinsa a cinya. Bai nufi ƙofar ba, bai kuma ci gaba da turawa ba. Ya tsaya riƙe da keken, yana duban katangar, yayyafi yana taruwa a bakin hularsa.

Motar ta sake tashi, takun ya bi ta, ya yi nisa har ya ɓace wajen gada. Sai a lokacin ya dubi ƙasa. Bai rufe bakin keken ba, farar ƙasa ta yi ta ɗiga wuri ɗaya, ta taru ta yi faɗi kamar faranti a kan ciyawa, tana malalowa a hankali zuwa bakin takalminsa.